Kada Mu Bar Jakin Tasha ga 'Yan Gwangwan

Gabatarwa

Shekarun baya na raka wasu ɗaliban kimiyya ziyarar gani da ido a wata tsohuwar masana'anta da ta daɗe da daina aiki. A bayan sito, inda ciyawa ta rufe wani guntun layin dogo, muka tarar da wani ƙaramin kan jirgin ƙasa a yashe. Fentinsa ya kwaile, gilasansa sun farfashe, tsatsa ta ci gindin ƙofarsa. Yawancin yaran suka wuce ba tare da sun waiwaye shi ba. Amma wani yaro ɗan Bunkure ya tsaya, ya leƙa ta murfin da ke buɗe, sannan ya kira ni ya ce, "Malam, ai wannan famfon mai ne irin na injin casar shinkafar babanmu, sai dai wannan bututunsa shida ne." A wannan rana na koyar da darasin injin dizal a cikin rabin sa'a, kuma ya zauna a kan yaran fiye da yadda ya zauna a makonni ukun da na yi ina zana shi a allo. Da na koma wurin bayan shekara biyu, babu kan jirgin, babu guntun dogon. An yanka su an auna a sikeli.

Wannan abu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, ya wajaba a ceci aƙalla guda ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan kawunan jirgi da suka rage a ƙasarmu, a kawo shi inda ɗalibai za su taɓa shi da hannunsu. A ganina kuwa babu inda ya fi dacewa da shi kamar Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda ke maƙwabtaka da yankin noman rani na Kura da Bunkure. Amma kafin in kawo hujjojina, ya kamata mai karatu ya san abin da muke magana a kai.

Mene ne Kan Jirgi Mai Shantin?

Idan aka ce jirgin ƙasa, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne babban kai mai jan dogon jerin taragai daga Kano zuwa Legas. To amma wa ya jera waɗannan taragai tun farko? Tarago ba shi da inji, ba ya motsa kansa. Wani yana bakin sito ana loda masa kaya, wani yana wurin awo, wani yana jiran gyara. Dole a sami abin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya turo wannan, ya jawo wancan, ya ware masu zuwa Zariya daga masu zuwa Nguru, ya haɗa su a kan layi ɗaya bisa tsari. Wannan aiki shi ne ma'aikatan Reluwe suke kira shantin, kuma akwai ƙaramin kan jirgi da aka ƙera musamman dominsa.

Siffarsa ba ta da ban sha'awa. Gajere ne, mai nauyi, mai ƙananan ƙafafu huɗu ko shida, da ɗakin direba mai manyan tagogi domin ya ga gaba da baya. Ba a yi shi domin gudu ba. Yakan kwashe rayuwarsa duka yana kai da komowa a cikin fili ɗaya, a harabar tasha, ko ta masana'antar siminti, ko ma'adinai, ko bakin tashar jiragen ruwa. Shi ya sa na kira shi jakin tasha. Doki ake yi wa kwalliya ranar hawan sallah, amma jaki ne ya kai taki gona, shi ne kuma ya kawo amfanin gida.

Yadda Yake Aiki

Akwai darussa uku na kimiyya a jikin wannan na'ura, kuma dukkansu suna cikin manhajar sakandare.

Na farko shi ne injin kansa. Injin fetur yana buƙatar fulogi domin ya kunna wuta, amma injin dizal ba ya buƙatarsa. Fistan yana zuƙo iska zalla cikin silinda, sannan ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 na girmanta. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya san cewa bakin famfo yakan yi zafi, domin matse iska yana ɗaga zafinta. A cikin silinda zafin yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. A daidai wannan lokaci ne famfon mai ke feso dizal kamar hazo, sai ya kama da wuta da kansa, ya tura fistan ƙasa da ƙarfi. Zuƙa, matsewa, ƙonewa, fitar da hayaƙi: bugu huɗu ke nan, haka injin zai yi ta maimaitawa.

Na biyu shi ne dangantakar ƙarfin inji da ƙarfin ja da kuma gudu. Ƙa'idar ita ce, ƙarfin inji daidai yake da ƙarfin ja sau gudu. Mu ɗauki inji mai ƙarfin doki 200, wato kimanin kilowat 150. Idan kan jirgin yana tafiyar kilomita 8 a sa'a, wato kimanin mita 2.2 a daƙiƙa, sai mu raba 150,000 da 2.2, mu sami kimanin niyuton 68,000. Wannan ya yi daidai da nauyin kusan tan 7, idan muka kau da kai daga ƙarfin da ke salwanta a hanya. Da a ce wannan inji zai yi gudun kilomita 80 a sa'a, da ƙarfin jansa ya koma kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ashe ke nan rashin gudun jakin tasha shi ne sirrin ƙarfinsa. Ana isar da ƙarfin inji zuwa ƙafafu ta ɗaya daga hanyoyi uku: ko dai ta giya irin ta babbar mota, ko ta wani akwati mai cike da mai wanda farfela ɗaya ke juya shi ya juya ta biyu, ko kuma injin ya juya janareta, wutar da aka samu ta juya motocin lantarki da ke haɗe da ƙafafu.

Na uku shi ne gogayya. Ɗan garuwa ya san bambancin tura kurarsa a kan rairayi da tura ta a kan daɓen siminti. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ta fi duka biyun sauƙin gangarawa. A shimfiɗaɗɗen layi, jan kilo biyu zuwa uku ya isa ya ci gaba da tafiyar da kowane tan ɗaya na kaya. Ko da mun ƙaddara cewa kowane tan yana buƙatar kilo 10 saboda wahalar tashi da lanƙwasar layi, kan jirginmu mai jan tan 7 zai iya motsa tan 700, wato lodin tirela fiye da 20. Sai dai wannan santsi yana da nasa sharri. Ƙafafun kan jirgi ba sa iya kama busasshen dogo da ƙarfin da ya wuce kamar rubu'in nauyin da ke kansu. Saboda haka kan jirgin da zai ja tan 7 sai nauyinsa ya kai wajen tan 28 zuwa 30, in ba haka ba ƙafafun za su yi ta juyawa wuri ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake ƙera shi da kaurin ƙarfe da gangan, kuma ake ɗora masa akwatin yashi wanda direba ke zubawa a kan dogo idan damina ta jiƙa shi.

Taƙaitaccen Tarihi

Wani injiniya Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro wannan inji, kuma a shekarar 1897 ya nuna wanda ke aiki sosai a birnin Augsburg. A wancan zamani tururi ne sarkin layin dogo. Abin lura shi ne, ta ƙofar shantin ne dizal ya fara samun gindin zama a harkar jiragen ƙasa. Dalili kuwa a fili yake. Kan jirgi mai tururi yana buƙatar sa'o'i ana hura masa wuta kafin ya motsa, kuma ko yana tsaye yana jiran tarago yana cin kwal. Abin da yake mayarwa aiki daga zafin kwal ɗin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, alhali injin dizal yana mayar da wajen kashi 30 ko fiye. Aikin shantin kuwa rabinsa jira ne. Injin da za a tayar cikin mintoci a kashe shi idan an gama shi ne ya dace da irin wannan aiki.

A Amurka, a shekarar 1925, kamfanin jirgin ƙasa na jihar New Jersey ya fara aiki da wani kan jirgin dizal mai lamba 1000 da ƙarfin doki 300 domin shantin. Ya yi aiki fiye da shekara 30, kuma har yau yana nan a gidan tarihin jiragen ƙasa da ke Baltimore. A Ingila, kamfanoni irin su Ruston da Hornsby na birnin Lincoln da Hunslet na birnin Leeds sun ƙera dubban ƙananan kawuna domin masana'antu da ma'adinai, suka sayar a ƙasashe da yawa. Tsakanin 1952 da 1962 hukumar jiragen ƙasan Ingila ta ƙera guda 996 na wani samfuri ɗaya, kuma wasunsu suna aiki har yanzu. Abin da zai ba mutumin Kura sha'awa shi ne, kamfanin Lister, wanda sunansa ya zama sunan injin niƙa da na casa a bakinmu, wato Lista, shi ma ya ƙera 'yan ƙananan kawunan jirgi masu aiki a siraran layuka na masana'antu. Yaron nan ɗan Bunkure bai yi kuskure ba da ya ga kama, domin 'yan gida ɗaya ne.

Kano da Layin Dogo

Dogo ya iso Kano a 1911 daga Baro, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, ya ratso ta Zariya da Dangora da ƙasar Madobi, ya haye kogin Challawa. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa, amma manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi riba kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika tasha. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga harkar, aka riƙa kawo ta a kan jakuna da raƙuma daga ƙauyukan Dawakin Kudu da Kura da sauran sassan ƙasar. An ƙara reshen dogo zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da wani daga Kano zuwa Nguru a 1930.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a hotuna tana da wani labari da ba a cika faɗa ba. Wani ɓangare na dalilin da ya sa buhuna suka riƙa taruwa har suka zama duwatsu shi ne, jirgi ba ya iya kwashe su da saurin da ake kawo su, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da kawuna da taragai suka yi ƙaranci. Kwal kuwa daga Inugu ake ɗauko shi, nisan ɗaruruwan kilomita, ga kuma ƙarancin ruwan tukunyar jirgi da rani a Arewa. Wannan ya sa dizal ya zama mafita. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka shigo da manyan kawunan dizal na farko daga Ingila, kuma sannu a hankali dizal ya karɓe aikin tururi a kan babban layi da kuma cikin tashoshi. A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Kowane tarago a cikin wannan lissafi, sai da wani ƙaramin kai ya tura shi bakin sito ya kuma jawo shi.

Daga nan sai al'amura suka juya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dala. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa tituna, manyan motoci suka ƙwace kaya. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ruwanta ya gangaro ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙasar da ta ciyar da jirgi da gyaɗa ta koma noman shinkafa da alkama da tumatir, amma wannan karon a bayan mota amfanin ke tafiya. Masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe daga baya. Gajerun layuka suka nutse cikin ƙasa, jakunan tasha suka rasa abin turawa.

Dalilin Gaggawa

Wani zai ce, tun da sun yi shekaru a yashe, me zai hana su ƙara wasu shekarun? Abubuwa biyu ne suka hana.

Na farko, tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne. Sababbin layuka kuwa, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, da na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne. Bambancin milimita 368 ke nan. Tsohon kan jirgi ba zai taɓa hawa sabon layi ba. Duk ranar da sabo ya kankama, tsoho zai ƙara zama kayan da ake neman hanyar rabuwa da su.

Na biyu, tsohon ƙarfe ya yi daraja. Masana'antun narka ƙarfe suna neman sa ruwa a jallo, kuma kan jirgi mai tan 30 dukiya ce ga mai sikeli. Ba na zargin ɗan gwangwan da ya saya ta halal, sana'arsa yake yi, kuma sake narka ƙarfe abu ne mai amfani. Amma wutar yankan ƙarfe tana gama wa da kan jirgi cikin 'yan kwanaki, kuma abin da aka narka ba ya dawowa. Mun riga mun ga misali. Siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos domin kwasar kuza, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, kusan babu abin da ya rage daga gare shi sai 'yan kayan da aka yi dabarar ajiyewa a gidan tarihi na Jos. Ba don waɗanda suka ajiye su ba, da sai dai labari.

Me Ya Sa Dawakin Kudu?

An kafa makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu a 1977 tare da takwararta ta Dawakin Tofa, domin a samar wa jihar Kano likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanta. Wannan manufa tana nan, kuma ita ce hujjata ta farko. Ɗakin gwaje-gwaje yana nuna wa yaro ƙa'ida ɗaya a lokaci ɗaya, cikin ƙananan kayan aiki. Kan jirgi kuwa yana tara zafi da matsi da gogayya da lantarki da maganaɗisu da sinadarin tsatsa a jiki ɗaya, kuma komai nasa babba ne, ana iya bin bututu da yatsa daga tanki har zuwa silinda. Injunan zamani an rufe su, kwamfuta ke sarrafa su, yaro ba ya ganin komai sai murfi. Gani ya kori ji.

Hujja ta biyu ita ce maƙwabta. Yaran Kura da Bunkure sun tashi cikin ƙarar injin casa da tarakta da famfon ban ruwa. Da yawansu sun iya kwance inji tun kafin su san sunan ƙa'idar da ke tafiyar da shi. Abin da suka rasa shi ne gadar da za ta haɗa abin da hannunsu ya sani da abin da littafi ke faɗa, har su gane cewa aikin bakanike da ilmin injiniya abu ɗaya ne a matakai daban-daban.

Hujja ta uku ita ce gobe. Kowace shekara idan tumatir ya nuna, mai wucewa ta Kwanar Gafan yana ganin kwanduna jere suna jiran mota, wasu har su lalace. Nauyi irin na shinkafa da taki da siminti, a kan dogo ya fi arha. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki a 2023, kuma duk inda aka ce tashar kaya mai dogo, to sai an yi shantin. Ko da dizal ne, ko da batir ne, ƙa'idojin ja da nauyi da birki ba su canja ba. Wa zai tuƙa waɗannan injuna, wa zai gyara su? In ba mu sa wa yaranmu sha'awar abin tun yanzu ba, za mu sake ɗauko masu gyara daga waje mu biya su da kuɗin waje.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce. Wasu za su ce makarantun da ke fama da ƙarancin kujeru da littattafai ba su da kuɗin kashewa a kan tsohon ƙarfe. Gaskiya ne kujera ta fi gaggawa. Amma abin da ake buƙata a nan bai wuce kuɗin ɗauko shi sau ɗaya, da guntun dogo na mita 20 zuwa 30, da rumfar kwano ba. Wannan aiki ne da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani attajiri ɗaya zai iya ɗauka ba tare da an taɓa kasafin makaranta ba.

Wasu za su ce layin dogo kayan mulkin mallaka ne, an shimfiɗa shi domin a kwashe arzikinmu, don me za mu girmama shi? Ban musa manufar waɗanda suka shimfiɗa shi ba, kuma an yi amfani da aikin tilas wajen gina shi. Amma kakanninmu ne suka haƙa ƙasar, su suka ɗauki buhunan, iyayenmu ne suka tuƙa injunan suka gyara su shekara da shekaru. Wanda ya narka shaidar, ya narka tarihin wahalarsu da na gwanintarsu gaba ɗaya.

Wasu kuma za su ce duniya tana barin dizal saboda hayaƙinsa yana gurɓata iska yana ƙara ɗumamar yanayi. Haka ne. Sai dai kan jirgin da ke zaune a rumfa ba ya ƙona mai, kuma babu wurin da ya fi shi dacewa a tsaya a bayyana wa yara yadda aka bar tururi aka koma dizal, da dalilin da ya sa yanzu ake neman barin dizal.

Ga masu cewa ba za mu iya ba kuwa, sai su dubi Saliyo. An rufe layin dogon ƙasar a 1974, amma wasu kawuna da taragai suka tsira a cikin wata rumfa a birnin Freetown har bayan yaƙin basasa, aka kuma buɗe gidan tarihi da su a 2005. Kenya tana da nata a Nairobi tun 1971. A nan gida ma, wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy ta gyara wani tsohon gida a harabar Reluwe da ke Ebute Metta a Legas ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa. Kano, wadda gyaɗarta ta riƙe layin shekaru da dama, ba ta da irin wannan wuri. Muna da wata falala ma da Legas ba ta da ita. Tsatsa tana buƙatar ƙarfe da iskar oksijin da danshi, mu kuwa fiye da rabin shekara a bushe muke, babu kuma gishirin teku a iskarmu. Rufin kwano kawai zai ƙara wa ƙarfe shekaru masu yawa a ƙasar Kano.

Abin da Za a Yi

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Sassan injiniya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya za su iya tura ɗalibansu, da izinin masu wuraren, su rubuta kowane ƙaramin kan jirgi da ya rage a tashoshi da masana'antu: inda yake, da mai shi, da halin da yake ciki. A jikin kowanne akan sami wani faranti na tagulla ko ƙarfe mai ɗauke da sunan maƙera da lamba da shekarar ƙira. Wannan faranti shi ne takardar haihuwarsa, kuma shi ɓarayi ke fara cirewa, don haka a fara ɗaukar hotonsa.

Mataki na biyu shi ne neman mallaka a rubuce. Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jiha ta nemi Hukumar Jiragen Ƙasa ko mai masana'anta ya ba da guda ɗaya kyauta ko aro na dogon lokaci, a kuma sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa domin ya shiga rajista.

Mataki na uku shi ne adanawa. A tsiyaye ruwa da tsohon mai, a cire batura, a toshe bakin hayaƙi domin kada ruwan sama ya shiga silinda, a kankare tsatsa, a shafa fentin kariya, a sa giris a gaɓoɓi, a kafa ƙafafun domin kada ya gangara. A nan akwai gargaɗi. Tsofaffin injuna sukan ƙunshi wani farin zare mai hana zafi da ake kira asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kuma tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Wannan sashe aikin ƙwararru ne, kada a sa yara a ciki sai an tsabtace.

Mataki na huɗu kuwa ba ya buƙatar ko sisi, kuma shi ne ya fi gaggawa. Tsofaffin direbobi da makanikai da masu juya layi da suka yi aiki a shekarun 1960 da 1970 suna nan a unguwanninmu, amma kullum raguwa suke yi. Kowane ɗalibi da ke da waya zai iya zuwa ya gaishe da irin wannan dattijo, ya nemi izini, ya naɗi bayaninsa: yadda ake tayar da inji da sanyin hunturu, da alamun tuta da fitila, da sunayen da suke kiran sassan inji da Hausa. Malaman kimiyya da na tarihi da na Hausa za su iya haɗa kai su mayar da wannan aikin zangon karatu. Sai dai a kiyaye, kada ɗalibi ya shiga harabar tasha ko ya hau tarago ba tare da izini da rakiyar ma'aikaci ba.

Kammalawa

Abin da nake roƙo ɗan kaɗan ne: kan jirgi ɗaya, guntun dogo, da rumfa, a harabar makarantar da aka gina domin ta haifi injiniyoyi. Ina kira ga shugabannin makarantun kimiyya, da tsofaffin ɗaliban Dawakin Kudu waɗanda yanzu suke manyan wurare, da ƙungiyoyin manoman rani na Kura da Bunkure, da su ɗauki wannan magana tun akwai sauran abin ceto. Ku kuma ɗalibai, ku fara da dattijon unguwarku a wannan hutun, ku kawo wa malaminku abin da kuka naɗo. Yaron nan ɗan Bunkure ya sami rabin sa'a da kan jirgi kafin a yanka shi. Ƙannensa sun cancanci fiye da haka. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.